Hayar Gida da Rikicin Kuɗin Ajiya a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Ranar da ɗan haya zai tashi daga gida, ran nan ne ake sanin irin cinikin da aka ƙulla ranar da ya shiga. An ɗaure kaya, an share ɗaki, an miƙa mabuɗi, sai a zo ga maganar kuɗin da ya ajiye tun farko saboda ɓarna. Mai gida ya ce kuɗin nan ba su taɓa shiga hannunsa ba, suna wurin dillali. Dillali ya ce ai sun tafi wajen gyaran ƙofa da shafen fenti. Shi kuwa ɗan haya ba ya da ko guntuwar takarda da zai nuna, ga mota tana jira, ga takardar canjin wurin aiki a aljihu. Yawanci sai ya ce ya bar su da Allah, ya kama hanya. Wannan lacca za ta duba yadda wannan rikici yake tasowa, da matsayin kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku a al'ada da Shari'a da dokar ƙasa. An ɗauki Boɗinga da Shagari don misali, saboda garuruwa ne da hayar gida ta shigo su ba da daɗewa ba, ana iya ganin tsohuwar al'ada da sabuwa suna zaune ƙofa da ƙofa.

Daga masauki zuwa haya

Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kowanne kuma hedkwatar ƙaramar hukuma ne. Ƙasar tana da tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Almajirai da malamai da baƙi sun cika wuraren nan a lokacin, amma ba a ji cewa haya suka kama ba. Baƙo yakan sauka ne a zauren malami, ko wurin hakimi, ko gidan wani da aka haɗa shi da shi. In zamansa ya yi tsawo a ba shi aron ɗaki, ko a nuna masa fili ya gina nasa. Fatake kuma suna da fatoma, watau mai masaukin da zai ba su wurin kwana, ya adana kayansu, ya nemo masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Abin lura shi ne fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki kai tsaye, daga la'adar ciniki yake cin nasa rabo. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a Kumasi, Abner Cohen kuma ya yi littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna cewa darajar mai gida duka tana rataye ne ga amanarsa. In ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai kai Arewa kafin baƙon ya isa gida.

Ma'aikacin albashi shi ya kawo haya ƙananan garuruwa. A zamanin En'e ma'aikatan ba su da yawa, kuma akan tanadar musu gidaje. Shekarun 1970 su suka canza al'amarin. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, aka fara turo matasa daga nesa. A 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji, kuɗin haya suka tashi a birane. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Malaman makaranta da malaman asibiti da 'yan sanda da ma'aikatan gona suka watsu cikin ƙasa, gidajen hukuma suka kasa ɗaukarsu. Ba abin mamaki ba ne da Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya sa gidaje a gaba da ya hau mulki a 1979. Shirinsa shi ne a gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha da Abuja. Abin da aka gina bai kai haka ba, amma har yau akwai unguwanni a garuruwa da dama da ake kira gidajen Shagari. A 'yan shekarun nan kuma an sami wasu irin 'yan haya dabam, watau mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya kora zuwa garuruwan bakin hanya. Su ne mafi rauni cikin masu neman ɗaki, don wanda ya gudo da iyali ba ya da ƙarfin yin ciniki.

Abin da kalmomi suka nuna

Harshe ya riƙe wannan tarihi. Kalmar haya kanta aro ce daga Ingilishi. Kalmar da aka gada ita ce sufuri, wadda tsofaffin ƙamusoshin Hausa suka kawo da ma'anar ɗaukar abu a kan lada, ko gona ko dabba, ko da yake yanzu ta koma kan jigilar kaya da mutane kawai. Dillali daga Larabci ya zo, haka ma la'ada, wadda asalinta kalmar al'ada ce, watau abin da aka saba bayarwa. Yanzu kuma ga ejan da kamasho sun shigo daga Ingilishi, kuma wanda ya kira kansa ejan yakan ga ya fi dillali daraja, alhali aikin ɗaya ne.

Bahaushe ya ƙware wajen rarrabe yadda dukiya take zama a hannun wanda ba mai ita ba. Aro shi ne a ba ka abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi kansa. Rance shi ne a ba ka ka kashe, ka mayar da kwatankwacinsa. Ajiya ita ce a ba ka ka tsare, ba ka da ikon taɓawa. Jingina ita ce a ba ka ka riƙe har a biya ka haƙƙinka. Kafin alƙalami kuwa shi ne ɗan abin da mai saye zai fara bayarwa don a san da gaske yake. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da hukuncinta, har ɗan ƙauyen da bai yi karatu ba ya san shi. To, kuɗin da ake karɓa hannun ɗan haya saboda ɓarna, a wane gida za a saka su? Nan ne tushen rikicin. Ɗan haya yana ganin ajiya ya ba da. Dillali yakan ɗauke su kamar rance, ya juya su, in ma bai ɗauke su ƙarin la'ada ba. Mai gida kuma yakan lissafa su cikin kuɗin da zai gyara gida don ɗan haya mai zuwa. Mutum uku, fahimta uku, kuma babu wanda ya faɗi tasa a fili ranar ƙulla ciniki, saboda kunya da kara.

Dillali: wakilin wane ne?

A ɗauki misalin malamin sakandare da aka mayar Boɗinga daga Sakkwato. Dillali ya nuna masa shigifa biyu da tsakar gida a kan naira 100,000 a shekara. Ya karɓi 10,000 la'ada, don kashi 10 cikin 100 shi ne abin da dillalan birni suka saba karɓa, ya kuma karɓi wasu 20,000 na ajiya. Malam ya ƙirga 130,000 ya miƙa a dunƙule, aka yi addu'a, aka watse. In ma an ba shi rasit, to jimlar aka rubuta, ko kuma kuɗin haya kaɗai. Kuɗi iri uku ke nan masu hukunci uku aka zuba a buhu ɗaya. Na haya sun zama na mai gida. La'ada ta zama ta dillali da zarar ciniki ya faɗa, ba a mayar da ita. Na ajiya kuwa har yanzu dukiyar malam ce.

Tambayar da ya kamata a yi tun ran nan ita ce: wa ya wakilta dillalin nan? Akwai dillalin da aikinsa nuna gida ne kawai, ya haɗa mutum biyu ya karɓi la'adarsa, shi ke nan. Akwai kuma wanda mai gida ya damƙa wa gidan gaba ɗaya, shi ke karɓar haya, shi ke gyara, shi ke sallamar 'yan haya, musamman inda mai gidan yana zaune Sakkwato ko Abuja, ko gidan na magada ne. Na farko ba ya da hurumin riƙe kuɗin ajiya ko kaɗan. Na biyu wakili ne, kuma ƙa'idar wakilci, a Shari'a da dokar ƙasa duka, ita ce abin da wakili ya karɓa cikin iyakar wakilcinsa kamar wanda ya wakilta shi ne ya karɓa. Saboda haka maganar mai gida cewa kuɗi ba su zo hannunsa ba ba ta kuɓutar da shi, muddin shi ya ɗora dillalin a kan gidan. Sai ya biya ɗan haya, sa'an nan ya bi wakilinsa.

Tun 1975 Nijeriya take da dokar da ta kafa hukumar rajistar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, kuma wanda yake da rajista ana iya kai ƙararsa ga hukumar. Amma dillalin ƙaramin gari ba ya cikin wannan sahu. Jarinsa sanin gari ne da sanin mutane. Bai kamata a raina wannan ba, domin baƙon da ya sauka Shagari da la'asar ba zai sami ɗaki kafin magariba ba sai ta hannunsa, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu tsoron zubewar mutunci. Inda aka sami bambanci da fatoman da shi ne, fatoma yana jiran baƙonsa ya dawo baɗi, shi kuwa dillalin gida ya san ɗan hayar da ya tashi ba zai sake ganinsa ba. Ga shi kuma ribarsa tana cikin shigar sabon ɗan haya ne, don kowane sabon shiga sabuwar la'ada ce. Duk da haka, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi la'ada a kan shiga, bai dace ya ɓace ranar fita ba.

Hukuncin malaman Malikiyya

Littattafan da alƙalan ƙasar nan suke hukunci da su, watau Risala ta Ibn Abi Zaid wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi magana mai faɗi a kan hayar gidaje. Malam Abdullahi na Gwandu shi ma ya bar littafi a kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Ba za a ce Shari'a ta bar wannan fage babu hukunci ba.

Abu na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne ɗan haya amintacce ne a kan abin da ya ɗauka haya. Ma'ana, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci, kuma maganarsa ake gaskatawa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Wannan ya juya abin da aka saba gani. A aikace ɗan haya ake sa wa ya wanke kansa kafin a ba shi kuɗinsa. A hukunci kuwa mai da'awar ɓarna shi zai kawo shaida, in ya rasa a ba wanda ya musa rantsuwa. Katangar da ruwan damina ya zaizaye, azarar da gara ta ci, fentin da rana da hazo suka kashe, daɓen da ya farfashe don tsufa, kwanon da iska ta yaye, duk ba su hau kan ɗan haya ba. Amma in ya daka turmi a kan siminti ya fasa, ko ya ɗaure awaki a ɗakin kwana, ko ya ga indararo ya toshe ya yi shiru har ruwa ya kwanta a kan soro ya rufta, to wannan ta'adi ne ko sakaci, sai ya biya.

Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai a gidan ƙasa, wanda yake bukatar yaɓe kusan kowace shekara kafin faɗuwar damina. Wa zai yi yaɓen? Malamai sun halatta a sharɗanta wa ɗan haya ya yi yaɓe ko gyara daga cikin kuɗin hayar da suka wajaba a kansa, watau a cire daga haya. Sun kuma halatta a sharɗanta masa yasar salga. In ba a yi sharaɗi ba sai a koma ga al'adar gari. A mashahurin zance ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma in lalacewar ta kai ga cutarwa, kamar yoyon da ya hana zama, ɗan haya yana da zaɓin ya tashi, kuma ba za a ci kuɗin sauran kwanakin ba. Haka nan mutuwar ɗan haya ba ta warware hayar da aka yanka wa wa'adi. Magadansa suna da ikon zama har wa'adi ya cika, kuma kuɗin ajiya suna cikin abin da ya bari. Sau nawa aka tashi matar mamaci da marayu daga gidan haya kafin ta gama takaba, babu wanda ya ko tuna da kuɗin nan?

Game da su kuɗin ajiyar kansu, sun fi kama da jingina, tun da an riƙe su ne don tsaron wani haƙƙi. Malikiyya sun yarda a jinginar da tsabar kuɗi, amma da sharaɗin a rufe su a buga musu hatimi in za su zauna hannun mai karɓar jinginar. Hikimar ita ce kada ya riƙa juya su, jingina ta rikiɗe ta zama rance da aka ɓoye wa suna. Tsabar kuɗi kuma suna cikin abin da ake iya ɓoyewa, saboda haka in sun salwanta a hannunsa shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar yadda suka salwanta. Har wa yau, jingina ba ta zama mallakar wanda ya riƙe ta don kawai an saɓa masa. Gwargwadon haƙƙinsa zai ɗauka, ya mayar da saura. Wanda ya riƙe 20,000 gaba ɗaya saboda makullin 3,000 ya ci haram ɗin 17,000, ko da sunan me ya kira su.

Sai kafin alƙalami. Yakan faru mutum ya ba dillali wani abu don a riƙe masa ɗaki, daga baya aka fasa canjin wurin aikin, ko ya ga ɗakin ba kamar yadda aka siffanta masa ba, don da ma cinikin biri a sama aka yi. Dillali ya ce kuɗi sun ciwu. Imamu Malik ya buɗe babin ciniki na Muwaɗɗa ne da hana wannan, ya kuma bayyana cewa hanin ya haɗa da haya. In an yi ciniki a lissafa kuɗin cikin farashi, in an fasa a mayar wa mai su. Hambaliyya sun halatta a riƙe, amma ba da mazhabarsu ake hukunci a Sakkwato ba.

Dokar ƙasa da abin da wasu ƙasashe suka yi

Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya, wadda jihohin Arewa suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa, ta fi mai da hankali ga yadda za a fitar da mutum. In babu wata yarjejeniya dabam, mai biyan mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biyan wata wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata 6. Bayan wannan ya cika sai a ƙara masa na kwana 7, cewa mai gida zai tafi kotu. Kotunan Nijeriya sun sha yanke cewa wakilin da zai ba da irin wannan notis sai yana da izinin mai gida a rubuce, kuma mai gida ba ya da ikon cire ƙofa ko yaye kwano ko fitar da kaya waje da hannunsa. Amma a kan kuɗin ajiya, abin da ake komawa gare shi shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla, da ƙa'idar da ta ce ɗan haya ba ya biyan tsufan da gida ya yi ta hanyar zama na al'ada. Dokokin ƙayyade kuɗin haya da gwamnatocin soja suka yi a 1976, da kotunan haya da suka kafa, birane suka nufa, kuma ko a can ba su yi tasiri mai ɗorewa ba.

Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit dabam na kuɗin ajiya, ta kuma ba ɗan haya ikon a yi masa bayaninsu a rubuce. Gana tun 1963 ta ƙayyade abin da za a karɓa gaba a kan wata 6, ko da yake mazauna zangon Kumasi da Ankara sun san yadda ake taka wannan doka. A Jamus kuɗin ajiya ba sa wuce hayar wata 3, kuma a asusu dabam ake saka su. Ingila ta fi kowa tsanantawa: daga 2007 ta wajabta a yi rajistar kuɗin ƙarƙashin wata hukuma mai zaman kanta da za ta raba gardama kyauta, wanda ya ƙi kuwa kotu tana iya cin sa tarar har ninki 3. A 2019 ta ƙayyade su a kan hayar mako 5 ga yawancin gidaje, ta kuma hana dillalai karɓar la'ada daga hannun ɗan haya. Wanda ya lura zai ga abin da Turawa suka kai gare shi bayan doguwar wahala, watau raba kuɗin ajiya da aljihun mai riƙe su, shi ne ma'anar hatimin da malaman Malikiyya suka sharɗanta tun ƙarnoni da suka wuce.

Yadda za a rage rikicin

Gyaran yana ranar shiga. Ɗan haya ya nemi ganin mai gida ido da ido, ko ya ji daga bakinsa cewa dillalin nan wakilinsa ne, da iyakar abin da ya wakilta shi a kai. A rubuta takarda, ko da boko ko da ajami, a rarrabe kuɗin nan uku kowanne da sunansa, a faɗi hannun wanda na ajiya za su zauna da ranar da za a mayar da su, a kuma faɗi wanda zai yi yaɓe da yasar salga. Shaidu biyu su sa hannu. Wanda yake ganin neman takarda rashin yarda ne, ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A zaga gidan tare a ƙirga abin da ya riga ya lalace, a ɗauki hotonsa da waya. A duba mita, a tabbatar babu tsohon bashin wuta ko na ruwa, domin wannan bashi yana cikin manyan dalilan da ake riƙe wa mutane kuɗi, wani lokaci ma na wanda ya tashi tun kafin su zo ne. Biya ta banki ya fi biya hannu da hannu, don yana barin sawu. In akwai shakka a kan dillali, babu laifi a ajiye kuɗin wurin wani dattijo da duka ɓangarorin suka yarda da shi, kamar liman ko mai unguwa. Fiƙihu ya san wannan, al'ada ma ta san shi.

Shi ma ɗan haya yana da nasa laifuffukan. Akwai mai tashi cikin dare ya bar bashin wuta, akwai mai cire kan famfo da ƙwan fitila ya tafi da su, akwai mai cewa ba zai biya watan ƙarshe ba a cire daga ajiya, alhali ba don haka aka karɓe su ba. Irin waɗannan ne suka sa masu gidaje suka fara neman kuɗin ajiya tun asali. Abin da ya dace shi ne ya sanar da tashinsa da wuri, ya kira mai gida ko wakilinsa su zaga tare da rana tsaka kafin a ɗora kaya a mota, a kimanta ɓarna in akwai, a kirawo magini ko kafinta ya faɗi kuɗin gyara in an saɓa. Mabuɗi shi ne abu na ƙarshe da zai miƙa, a gaban shaida, kuma kada ya riƙe shi bayan wa'adi don ya matsa a biya shi, domin kowace rana da ya ƙara ana iya bin sa kuɗinta.

In abin ya ƙi, sai a bi matakai. A fara da wanda ya haɗa su, ko shugaban wurin aikin ɗan haya. Daga nan mai unguwa, sai hakimi, sai uban ƙasa. Sulhu a waɗannan wurare yana da ƙarfi a gari irin Shagari, inda kowa ya san uban kowa, kuma dillali ya fi tsoron a kira shi zauren hakimi a gaban jama'a fiye da tsoron sammaci. Sai dai a nan baƙo yakan gamu da wata irin cuta mai laushi. Dattijo zai dube shi ya ce, "Haba ɗana, Alhaji ai ubanka ne, a kan ɗan wannan abu za ka tsaya ja da shi?" Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce, "Baba, ban ƙi yafewa ba, amma a fara faɗin nawa ne haƙƙina, sa'an nan in san abin da na yafe." Sulhun da aka yi kafin a bayyana mai gaskiya, yawanci mai rauni ne yake biyan kuɗinsa.

Bayan wannan sai kotu. Tun 2000 kotunan Shari'a suka maye gurbin kotunan yanki a Jihar Sakkwato, kuma Musulmi yana iya kai irin wannan ƙara can ba tare da lauya ba. Wanda ba Musulmi ba, kamar yawancin matasan da ake turowa hidimar ƙasa daga Kudu, yana da kotun gunduma, inda majistare yake zama a kan shari'o'in dukiya. Ya kyautu mai ƙara ya haɗa mai gida da dillali duka biyu a cikin ƙararsa, don kada kowanne ya tura shi ga ɗaya. Wanda aka mayar wani gari mai nisa kuma ba lalle ne ya bar haƙƙinsa ba. Yana iya wakilta abokin aikinsa a rubuce, ya bar masa rasit da hotuna da sunayen shaidu, shi ya tsaya masa a gaban alƙali.